Yadda ake kafa MRTG ka ga abinda ke cinye maka layin intanet, da matsalolin da ya taho da su tun 1995

Duk wanda ya taɓa riƙe wayfai ɗin shago, ko na makaranta, ko irin wanda ake sayar wa ƴan unguwa da tikiti, ya san maganar nan: "oga yau netwok ba ya ja." Kai kuma sai ka tsaya kana kallon rawuta fitilunta na ta ƙyaftawa, baka san ko kamfanin da suka baka layi ne suka rage maka ba, ko kuwa wani yaro ne ya ɗora saukar da finafinai goma ya tafi abinsa. Ni na daɗe ina wannan canki-cankar kafin wani da ya riga ni shiga harkar ya ce min in saka MRTG in huta. Tsohuwar manhaja ce, kyauta ce, ba ta da nauyi ko kaɗan, aikinta ɗaya: duk minti 5 ta tambayi rawuta "data nawa ta wuce ta wannan ƙofar" (ƙofa ita ce wajen da ake soka kebul a jikin rawuta), ta rubuta, ta zana maka a giraf.

Amma fa tana da halayenta, kuma wanda bai san su ba giraf ɗin zai yaudare shi. Shi ya sa zan fara da inda ta fito, don yawancin halayen nan gadonsu ta yi.

Wani mutumin Suwizalan ne mai suna Tobias Oetiker ya rubuta ta lokacin yana aiki a Jami'ar De Montfort da ke Leicester a Ingila. A 1994 layin da ya haɗa wajen da duniya gaba ɗaya kilobit 64 ne, kowa kuma so yake ya san me ya sa abu ke jan ƙafa, sai ya haɗa ɗan abinda zai rinƙa zana cunkoson layin a shafi kowa ya duba da kansa. A 1995 ya sake shi ga jama'a da sunan MRTG 1.0, duka da yaren kwamfuta na Perl. Fitowar farkon nan matsalolinta biyu ne kowa ya sani: ga jinkiri, da an ƙara mata ƙofofi da yawa sai ta kasa gama zagaye a kan lokaci, sannan ga wahalar ɗorawa a kan wata kwamfutar saboda ta dogara da wasu manhajoji na waje wajen tambayar rawuta da zana hoto. A Janairun 1996 wani mai suna Dave Rand ya tuntuɓe shi kan jinkirin, daga baya Dave ɗin ya sake rubuta sashen da ke cin lokaci da yaren C, wanda ake kira rateup, Tobias da kansa ya ce gudun ya ninka har sau 40. Aka kuma saka ɗan kayan SNMP (yaren da ake tambayar rawuta da shi) na wani mai suna Simon Leinen a ciki don a daina dogaro da na waje, daga nan MRTG na 2 ya fito, shi ne har yau ake saukewa. An gyara jinkiri, an gyara ɗorawa, amma tunanin da aka gina ta a kai na zamanin kilobit 64 ne, ka riƙe wannan a ranka zamu dawo kansa.

Toh kayan aiki. Kana buƙatar kwamfuta ɗaya da za ta zauna a kunne dare da rana, tsohuwar laftof ma ta isa, kuma ni na fi son laftof ɗin saboda batirinta na riƙe ta in an ɗauke wuta kafin inbata ko janareta ya karɓa. Ka ɗora mata Linux irin Ubuntu ko Debian, ka haɗa ta da kebul ba wayfai ba, ka ba ta adireshin da ba ya canzawa. Zan yi misali da 192.168.88.10 ga kwamfutar, rawuta kuma 192.168.88.1 wanda shi ne adireshin da rawutar kamfanin MikroTik ke zuwa da shi. Sharaɗi babba: dole rawutarka ta san SNMP. MikroTik da Cisco da yawancin manyan suwic sun sani, amma ƙananan rawutocin gida da irin ƴan mifi ɗin nan na aljihu da yawansu babu, in irinsu gare ka kar ka wahalar da kanka.

Mataki na 1, kunna SNMP a rawuta

A Winbox, manhajar da ake saita rawutar MikroTik da ita, ka shiga IP, ka danna SNMP, ka saka alama a Enabled. Sai ka danna Communities, za ka ga wata mai suna public. Dan Allah kar ka bar ta haka. Wannan sunan shi ne kamar fasawod, kuma public ɗin nan duk duniya an san shi, shi ne farkon abinda mai neman ɓarna zai gwada. Ka canza shi zuwa wata kalma taka, ni zan yi misali da gyadaMai77, ka guji saka alamar @ a ciki don za ta rikita kwamand ɗin gaba. A wajen Addresses ka rubuta 192.168.88.10/32, wato kwamfutar nan kaɗai aka yarda ta yi tambaya. Izinin karatu kawai za ka bari, kar ka ba da na rubutu. In Cisco ce, layi ɗaya ne: snmp-server community gyadaMai77 RO.

SNMP ta ƙofar UDP 161 yake bi, kuma a siga ta 1 da ta 2 kalmar nan tsirara take tafiya ba a lulluɓe ba, don haka a cikin gida kawai, kar ka buɗe ta ta ɓangaren intanet.

Mataki na 2, sauke kayan (a taminal ɗin kwamfutar za ka rinƙa rubuta kwamand ɗin)

sudo apt update
sudo apt install mrtg snmp apache2
sudo mkdir -p /etc/mrtg /var/www/html/mrtg

Shikenan. Apache shi zai nuna maka shafin a burawza.

Mataki na 3, gwaji kafin komai

Wannan matakin mutane ke tsallakewa sai su kwana suna zagin MRTG alhali rawuta ce ba ta amsawa. Rubuta:

snmpwalk -v2c -c gyadaMai77 192.168.88.1 1.3.6.1.2.1.2.2.1.2

In komai lafiya za ka ga sunayen ƙofofinka sun jero, ether1, ether2, bridge da sauransu. In ka ga Timeout to ɗaya cikin uku ne: ko kalmar ba daidai ba (babban baƙi da ƙarami suna da bambanci), ko adireshin da ka ba izini ba na kwamfutar nan ba ne, ko kuma fayawol na rawutar na tare 161. Kar ka matsa gaba sai wannan ya yi. In ya yi, ƙara gwada wannan:

snmpwalk -v2c -c gyadaMai77 192.168.88.1 1.3.6.1.2.1.31.1.1.1.6

Ka duba ko za ka ga Counter64 da manyan lambobi a gabansa. In ka gani ka gode Allah, za ka ji dalili nan gaba kaɗan.

Mataki na 4, haɗa fayil ɗin saiti

MRTG na zuwa da ɗan aikensa mai suna cfgmaker, shi zai je ya tambayi rawuta ya rubuto maka saitin da kansa. Duk wannan layi ɗaya ne:

sudo cfgmaker --global "WorkDir: /var/www/html/mrtg" --global "Options[_]: growright,bits,unknaszero" --global "WithPeak[_]: wmy" --ifref=name --zero-speed=100000000 --output /etc/mrtg/shago.cfg gyadaMai77@192.168.88.1:::::2

Ya yi tsawo na sani, amma kowane guntu a ciki maganin wata cuta ce. growright na sa sabon lokaci ya kasance a hannun dama, in babu shi giraf ɗin ta hagu yake girma sai ka yi ta karanta shi a baibai. bits na sa ya nuna maka da bit, irin ma'aunin da kamfanin layi ke sayar maka da shi, in ba haka ba da bayit zai nuna sai ka ga lambar ta koma kashi ɗaya cikin takwas ka ɗauka an cuce ka. Sauran zan bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa. Waɗancan ɗigo-biyu da ke ƙarshe ka ƙirga su da yatsa, guda biyar ne sannan 2.

Bayan ya gama ka buɗe fayil ɗin ka karanta, sudo nano /etc/mrtg/shago.cfg. Duk ƙofar da ba a saka mata kebul ba a lokacin za ka ga ya rufe layukanta da alamar #, ya kuma rubuta dalili a sama. In kana son wata a ciki sai ka cire # ɗin da hannu. Kalmar sirrinka na cikin fayil ɗin nan, don haka sudo chmod 600 /etc/mrtg/shago.cfg.

Mataki na 5, tayar da shi

sudo env LANG=C mrtg /etc/mrtg/shago.cfg --lock-file /tmp/shago.lock

LANG=C ɗin nan dole ne. MRTG ba ya shiri da tsarin haruffa na UTF-8 wanda kusan duk Linux ɗin yanzu da shi take zuwa, in ka manta zai ƙi tashi ya ce maka ka sake da env LANG=C. Karo na farko zai yi ta ƙorafi wai rateup bai ga fayil ɗin log ba, karo na biyu ma zai ɗan yi, kar hankalinka ya tashi, fayilolin ne babu su tukuna yana ƙirƙirarsu. Ka maimaita sau uku, na ukun shiru za ka ji. In har na uku bai yi shiru ba to akwai matsala ta gaske, ka karanta abinda ya rubuta.

Sai shafin farko mai tattara duk giraf:

sudo indexmaker --output=/var/www/html/mrtg/index.html /etc/mrtg/shago.cfg

Sai a sa shi ya rinƙa tashi da kansa duk minti 5. Buɗe sabon fayil /etc/cron.d/mrtg-shago ka saka wannan layin:

*/5 * * * * root env LANG=C /usr/bin/mrtg /etc/mrtg/shago.cfg --lock-file /tmp/shago.lock --logging /var/log/mrtg-shago.log

Na ajiye fayil ɗin kulle a /tmp ne da gangan, don in wuta ta yanke yana tsakiyar aiki, da kwamfutar ta sake tashi an share wajen babu abinda zai tare shi. Yanzu je ka sha shayi, bayan kamar rabin awa ka buɗe http://192.168.88.10/mrtg/ a burawza.

Karatun giraf ɗin

In ka danna kowace ƙofa za ka ga hoto huɗu: na yini wanda matsakaicin minti 5 ne, na mako na minti 30, na wata na awa 2, na shekara kuma na kwana 1. Kore shi ne abinda ya shigo ƙofar, shuɗin layi shi ne abinda ya fita. Wajen nan ana yawan ruɗewa: a ƙofar da layin kamfani ya shigo, galibi ether1, kore shi ne saukewar mutanenka. Amma a ƙofar da ta nufi cikin gida abin juyawa yake, saukewarsu shuɗi ce, don daga rawuta take fita zuwa gare su. Giraf ɗin da koren ya hau ya daidaita kamar saman tebur na awa biyu ko uku da yamma, wannan layinka ne ya cika maƙil, ba laifin kamfani ba ne, mutanenka sun fi ƙarfin abinda ka saya. In kuwa ana ta kuka kuma koren bai ko kai rabin abinda kake biya ba, to nan ne kake da bakin magana.

Yanzu ga halayen da na ce maka.

Na farko kuma mafi muni shi ne zagayowar mita. Rawuta ba ta cewa "gudu na kaza ne", mita gare ta mai ƙirga bayit tana hawa kawai, kamar mitar kilomita ta tsohuwar mota, MRTG ne ke ɗebe ƙirgan ɗazu daga na yanzu ya raba da lokaci. Tsohuwar mitar mai bit 32 ce, iyakarta 4,294,967,296, da ta kai nan sai ta koma sifili ta fara daga farko. A layin kilobit 64 sai ta kwana shida ba ta cika ba, don haka a irin wannan layin ba wanda abin ya dama. Amma a megabit 100 cikin daƙiƙa 343 take cika, minti biyar da ɗoriya kenan, a gigabit 1 kuwa daƙiƙa 34 kacal. Tunda MRTG sai bayan daƙiƙa 300 yake leƙowa, da gudun ya wuce wajen megabit 114 mitar ta riga ta yi cikakken zagaye a bayan idonsa bai sani ba. Yi lissafin da kanka: layi na jan megabit 150, cikin minti 5 bayit biliyan 5.6 ne suka wuce, a ɗebe zagaye guda, abinda ya rage shi zai gani, sai ya zana maka wajen megabit 35. Ni wannan ya taɓa cina a kan kebul ɗin da ke tsakanin rawuta da suwic, daidai bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya sai in ga koren ya hau ya hau sannan ya rikito ƙasa, har na kira masu ba mu layi ina faɗa, ashe layin lafiyarsa ƙalau ƙirgan ne ya zagayo. Maganin shi ne waccan :::::2 ta ƙarshen kwamand, ita ke cewa a yi magana da SNMP siga ta 2 a ɗauko mita mai bit 64, wadda siga ta 1 ba ta san da ita ba sam. Ka duba cikin fayil ɗinka kowane layin Target ya ƙare da ita. In kuma ka ga layi mai noHC a kan ƙofa mai gudu sosai, yana nufin tsohuwar mitar yake karantawa a nan, ka koma gwajin Counter64 na mataki na 3 ka gani ko ƙofar na da babbar.

Na biyu, in rawuta ta mutu MRTG ba ya faɗa maka. Ɗabi'arsa ta asali in ya tambaya ba a amsa ba sai ya maimaita lambar ƙarshe da ya gani, sai ka ga layi miƙe sambal kamar ana ta aiki alhali tun ƙarfe biyu na dare batirin inbata ya ƙare. A inda wuta ba ta yankewa wannan dabara ce mai kyau, don amsa ɗaya ta ɓace a hanya ba sai an ɓata giraf ba. Mu a wajenmu cuta ce. unknaszero da muka saka shi ke sa ya rubuta sifili, ka ga ramin a fili ka san daidai lokacin da aka yi duhu.

Na uku, matsakaici yana ɓoye abu. In wani ya cika layin na daƙiƙa 30 sannan ya saki, a lissafin minti 5 ɗan tudu kawai za ka gani, a giraf ɗin shekara kuwa an niƙe komai ya zama gari. WithPeak ɗin da muka saka zai ƙara maka layin ƙololuwa a giraf na mako da wata da shekara, yana taimakawa sosai, amma ko shi ƙololuwar minti 5 ce. Kuma MRTG ba zai taɓa gaya maka waye ke shan datar ba, lamba biyu kawai yake zanawa, shiga da fita. In ka ga layi ya cika kana son ka kama mai abin, Winbox za ka koma ka buɗe Tools sannan Torch, nan za ka ga adireshin kowa da abinda yake ja a wannan lokacin.

Sai lambar ƙofa. SNMP lamba yake ba kowace ƙofa, kuma lambar nan tana iya canzawa, musamman irin ƙofofin da ake ƙirƙira kamar PPPoE ko bayan an sake saita rawuta, sai ka wayi gari giraf ɗin wata ƙofa na zana datar wata. --ifref=name ya sa ana bin suna ba lamba ba. To kai ma in ka canza wa ƙofa suna a rawuta ka tuna ka gyara a fayil ɗin.

MaxBytes kuma, shi ne iyakar da ya yarda ƙofa za ta iya kaiwa, duk abinda ya haura ta watsar da shi yake yana ɗauka kuskure ne. Da bayit ake rubuta shi, megabit 100 shi ne 12500000, gigabit 1 kuma 125000000. Wasu ƙofofi kamar bridge ko PPPoE sukan ce gudunsu sifili ne sai cfgmaker ya tsallake su, --zero-speed ya ba su megabit 100, in taka ta fi haka ka ɗaga MaxBytes ɗinta da hannu tun kafin ta fara zubar maka da lissafi.

Agogon kwamfutar ma ka kula da shi, duk lissafin a kansa ya rataya. In tsohuwar laftof ce da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, ko ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 wadda ba ta da agogo mai batiri, bayan ɗaukewar wuta tana iya tashi da lokacin da ba daidai ba log ɗin ya rikice. Rubuta timedatectl ka tabbata ya ce agogon na daidaita kansa da intanet.

In wata rana ƙofofinka suka yi yawa ko kana son leƙawa duk minti ɗaya, MRTG shi kaɗai ba ya sauka ƙasa da minti 5, sai an haɗa shi da RRDtool, wani kayan ajiye lissafi da zana giraf wanda Tobias ɗin ne dai ya fitar a 1999 don ya warware waɗannan iyakokin, a kansa aka gina manhajar zana giraf mai suna Cacti. In kuma saƙo kake so ya shigo maka waya da zarar layi ya faɗi, wannan aikin irin su Nagios ne ko Zabbix. Amma ga mai rawuta ɗaya da suwic biyu, wallahi MRTG ya ishe shi shekara da shekaru, fayilolin log ɗinsa ma ba sa ƙara girma don yana taƙaita tsohon lissafi da kansa.

Ranar da ka ƙara sabuwar ƙofa kuma kana son sake kiran cfgmaker, ka sani zai taka tsohon fayil ɗin ne gaba ɗaya har da gyare-gyaren da ka yi da hannu, don haka ka fara kwafe shi gefe: sudo cp /etc/mrtg/shago.cfg /etc/mrtg/shago.cfg.tsoho. Tarihinka kuma yana cikin fayilolin da suka ƙare da .log a /var/www/html/mrtg, hotuna ko sun goge zai sake zana su amma waɗannan in sun tafi sun tafi, ni duk ƙarshen wata nake kwafe su a filas. Bayan ka sake saitin sai ka sake kiran indexmaker don sabuwar ƙofar ta fito a shafin farko.